Kabeji a Teburin Yanka

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata kafin na ajiye alli na shiga saye da sayarwa. Na faɗi haka ne don a gane yadda aka yi kalma ɗaya tak ta hana ni sukuni kusan mako uku a Guangzhou. Da a ce da Sinanci aka yi maganar, da ban damu ba, na saba a yi ta a kaina ina tsaye kamar turke. Amma da Turanci aka yi ta, harshen da na ci abinci da shi, kuma a gaban idona.

Zuwana na huɗu ke nan. Sau ukun farko ɗinkakkun kaya nake saya a kasuwar Canaan da manyan shagunan titin Guangyuan, in kai Kano in tarar maƙwabciyata a kasuwa ta sauke irinsu sak. Na gaji da wannan. Sai na ce wannan karon nawa zan yi na kaina: dogayen rigunan 'yan mata na Sallah, guda ɗari huɗu. Ni na zaɓi yadin, kore mai duhu da ƙananan furanni ruwan zuma. Aikin wuyan ma ni na zana shi da fensir, na kwaikwayo shi daga murfin wani tsohon kwanon kakata.

Wanda ya haɗa ni da kamfanin ɗinkin wani Alhaji ne mutumin Damagaram, wanda ya fi shekara goma a garin. Shi ne dillalina, shi ke yi mini tafinta, shi kuma ke kula da kayana har su shiga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Yana jin Sinanci da Faransanci kamar me, Turancinsa kuwa bai wuce na gaisuwa ba. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa kama shi da komai ba.

Kamfanin yana hawa na uku na wani tsohon bene a gefen gari. Mai shi wata mata ce da za ta yi hamsin, gajera, tabarau rataye a wuya. Kowa lauban yake ce mata, wato shugaba, ni ma haka nake ce mata. Ita ta duba zanena ta danna kalkuleta, ta juyo mini da fuskarta in ga mita nawa na yadi za a buƙata. Alhaji ya gyaɗa kai. Na je na sayo kamar yadda ta ce, ban rage ko taƙi ba.

Ranar da za a fara yanka na je in gani. Teburin ya kusa kai tsawon ɗakin, an shimfiɗa yadina a kai ninki kan ninki, mai yankan yana jera takardun siffar riga a sama, hannu nan, gaba nan, baya can, yana matsa su kusa da juna. A nan na tarar da wani Bature dattijo, dogo, ya ɗan ranƙwafa, da tef ɗin awo a wuyansa. Alhaji ya raɗa mini cewa duba kaya yake yi wa wasu shaguna na ƙasarsu, duk Alhamis yana zuwa. Ba ruwansa da aikina. Amma da ya zo wucewa sai ya tsaya. Ya dubi teburin, ya dubi bandir-bandir ɗin yadina da ke jingine a bango, ya sake duban teburin. Sannan ya juya ga lauban, ya ɗaga gira ɗaya.

"Plenty of cabbage there," in ji shi.

Lauban, wadda a gabana ba ta taɓa nuna ta san Turancin da ya wuce "okay" ba, ta yi dariya ta kai masa dukan wasa a hannu. Su biyun suka kalle ni a lokaci ɗaya, suka kuma ɗauke kai a lokaci ɗaya.

Na ce masa da Turanci, "Yi haƙuri, me ka ce?"

Na ga ya ɗan razana, bai zaci zan tanka ba. Ya ce, "Ba komai, madam. Maganar 'yan sana'a ce." Ya duba agogo, ya ce mota na jiransa, ya sauka.

Cabbage dai kabeji ne, ko 'yar aji ɗaya ta sani. Na duba ɗakin. Babu kabeji, babu ko kwanon abinci. A hanyar komawa na tambayi Alhaji.

"Alhaji, me ya haɗa yadina da kabeji?"

"Wane kabeji, Hajiya?"

Na faɗa masa abin da na ji. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Shu ke nan a wajenmu, da Faransanci. Ƙila abincin rana suke magana. Ko launin yadin, tunda kore ne."

Amsar ba ta da laifi. Shirun da ya yi kafin ya ba da ita ne ya tsaya mini. Na yi shekaru ina tambayar yara wa ya fasa gilashin taga, na san shirun mai tunani da shirun mai neman abin faɗa. Sai dai ban iya rantsewa wanne ne nasa ba.

Da na isa masauki na buɗe ƙamus ɗin da ke wayata. Ma'ana ta farko ganyen da muka sani. Ta biyu ta ce a bakin wasu, kalmar na nufin kuɗi. Ta uku ta ce zagi ne, ana faɗa wa mutumin da kansa ba ya ja. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado. In kuɗi yake nufi, to cewa ya yi akwai abin samu a jikin matar nan. In ɗayar ce, to sakarya ya kira ni, lauban kuma ta taya shi dariya. Na rasa wadda zan fi so a cikin biyun.

Daga ranar komai ya sauya mini kama. In lauban ta miƙo mini shayi da hannu biyu, sai in ce a raina ladabin ya yi yawa. In Alhaji ya yi magana da ita ta minti biyu ya fassara mini da kalma biyar, sai in tambaye shi ina sauran. Ya kan yi murmushi ya ce, "Hajiya, haka harshensu yake, zagaye gare shi." Da can ma haka yake fassarawa, ban taɓa lura ba. Na fara zuwa kamfanin ba tare da na sanar ba. Kullum sai in tarar ana ɗinki, rigunana na fitowa tsaf, aikin wuya ya zauna yadda na zana shi. Rashin samun aibin ma sai ya ƙara mini zargi.

Aka gama, aka zuba a kwalaye, aka kai sito inda za su jira mota zuwa Nansha. Saura kwana biyar in tashi. Na ce bari in shiga kasuwa in sayi 'yan mayafai na cike gurbi. Ina hawa na biyu, ina ratsa wani lungu da ba na yawan bi, sai idona ya faɗa kan kore mai duhu a can ƙuryar wani ƙaramin shago.

Rigata ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce. Yadin, furannin, murfin kwanon kakata a wuya. Guda shida a rataye. Na juya ɗaya na duba ɗinkin ciki, zaren da na zaɓa ne.

Mai shagon tana cin gyaɗa tana kallon waya. Na nuna rigar na yi mata alamar ina son da yawa.

"Meyo," in ji ta. Babu. Ta ɗaga yatsu shida.

Na tambaye ta daga wane kamfani. Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan wayarta. Na sayi guda ɗaya, na cusa ta a jaka, na fito. Ban kira Alhaji ba. Na tari tasi ni kaɗai zuwa siton, na nuna takardata, na sa aka sauko mini da kwalayen. Na zauna a kan wani buhu na ƙirga rigunan ɗaya bayan ɗaya, tun azahar har bayan la'asar. Ɗari huɗu cif. Na ce to an rage musu tsawo. Na ciro tef na auna guda ashirin daga kwalaye daban-daban. Ko ɗan yatsa ba a rage ba.

Wannan ya fi ruɗa ni. Da na tarar da giɓi, da na san sunan abin da aka yi mini da kuma wanda zan riƙe. Amma ga kayana cikakku, ga kuma wasu a kasuwa daga yadin da ni kaɗai na saya.

Washegari Alhamis ce. Ban hau benen ba. Akwai wani gidan taliya na Musulmin ƙasar a tsallaken titi, na zauna kusa da ƙofa na sa aka kawo mini kwano ɗaya, ina juya shi ina kallon matakala. Wajen sha ɗaya da rabi Baturen ya sauko. Na tsallaka na tare shi.

"Ina da tambaya ɗaya. Ba zan ci maka lokaci ba."

Ya gane ni. Ya dubi sama wajen tagogin hawa na uku, sannan ya biyo ni muka shiga gidan taliyar. Na fito da rigar na shimfiɗa a kan tebur.

"A kasuwa na saye ta jiya. Tawa ce, amma ba ta cikin nawa."

Ya sa tabarau, ya juya ta, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Ya ce, "To, ga shi nan. Wannan shi ne cabbage."

"Na koyar da Turanci shekara tara. Na duba ƙamus. Ko dai kuɗi kake nufi, ko kuma ni ce ba ni da wayo."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce ko ɗaya, kuma ya ba ni haƙuri in haka na ɗauka. Ya ce ubansa mai yanka ne a wani kamfanin kwat a arewacin Ingila, kakansa ma tela ne, a bakinsu ya tashi da kalmar. In mai kaya ya kawo yadi ya ce a yi masa riga ɗari, akwai adadin da kowa ya yarda riga ɗari za ta ci. Amma gwanin yanka, in ya iya jera takardunsa, ya cusa hannun riga a inda wani zai bar fili, sai ya fitar da ɗarin ya bar saura. Wannan sauran shi ne cabbage. Ƙyallen da ya rage sunansa ke nan, rigunan da aka ɗinka da shi aka sayar ta bayan gida su ma haka. Har aikatau ake yi da ita, a ce wane ya yi cabbage ɗin yadi kaza.

Na ce, "Me ya haɗa shi da ganye?"

Ya ce shi ma bai sani ba. Wasu na cewa daga wata tsohuwar kalmar Faransanci ta lalace, wasu na cewa daga kalmar shara. Ubansa kuwa cewa yake yi ƙyallayen in an dunƙule su a ƙarƙashin tebur kama suke yi da kan kabeji, amma yana jin tsohon ƙirƙira ya yi. Ya ce yanzu ko a ƙasarsu in ka faɗe ta a titi ba mai gane ka, sai tsofaffin da suka yi aikin tufafi. Lauban ma a wajensa ta koya, shekarun baya, ta kuma riƙe ta don ta ba ta dariya.

"Sata ce ke nan," na ce.

Ya karkata kai. "Ya danganta da wanda kika tambaya. Ubana bai taɓa ɗaukar kansa ɓarawo ba. A ganinsa an ce ya kawo ɗari, ya kawo ɗari, abin da ya rage ladan gwanintarsa ne. Masu yadin kuma ba haka suke gani ba. Shi ya sa ba a faɗar kalmar a gaban mai kaya."

"Amma ka faɗe ta a gabana."

"Ban san kina jin Turanci ba." Ya ɗan dakata. "Wannan ba uzuri ba ne, na sani. Tsokanarta nake yi, ina nuna mata na gani."

"Da na tambaye ka fa? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Madam, mako mai zuwa ma nan zan dawo. Kayan da nake dubawa a hannunta suke."

Aƙalla bai yi mini kwana-kwana ba. Amma ina kallonsa ina tunanin mutumin da ya iya gane saura da kallo ɗaya, yana shiga kamfanoni goma a mako, ko sau nawa aka sallame shi don ya kau da kai? Ban tambaya ba. Abin da na tambaya shi ne ko yadin da aka sa na saya ya wuce ƙa'ida.

Ya ce ana ƙara kaɗan ko'ina, saboda tabo da kuskure. Nawa dai an ƙara da ɗan nauyin hannu. Sannan ya ce, "Wa ya tsaya miki lokacin da aka yi lissafin?"

Na naɗe rigar na mayar da ita jaka. Ya miƙe, ya gyara tef ɗin wuyansa, ya yi mini sallama.

Na daɗe a zaune, taliyar ta huce. Abin da ya zo mini shi ne mahaifiyata. Duk lokacin da za ta aike mu wajen tela sai ta ce, "Ku ce masa a dawo mini da ƙyallena." In an kawo ɗinkin ta kan shimfiɗa ƙyallen a tabarma ta auna shi da kamu, tana ƙunƙuni cewa mutumin nan ya ci mata yadi. Ba ta taɓa sauya tela ba, shi ma bai taɓa fasa yi wa 'ya'yansa huluna masu launin atamfofin unguwa ba. Abin ba baƙo ba ne a wajena. Ban dai taɓa jin an raɗa masa suna ba, kuma ban zaci zai biyo ni har nan ba.

Na kira Alhaji na ce ya same ni a kamfanin. Da ya iso muka hau tare. Na ajiye rigar a kan teburin yanka, na dubi lauban, na ce, "Cabbage."

Ba ta yi dariya ba wannan karon, amma ba ta ji kunya ba. Ta sa tabarau ta yi magana mai tsawo. Na ce wa Alhaji, "Duka nake so. Kada ka rage mini ko kalma."

Ya fassara a hankali, idonsa a kan rigar. Ta ce ɗari huɗu na nema, ɗari huɗu ta ba ni, ko akwai wadda ta lalace? Ta ce ban ce a dawo mini da saura ba, da na ce da an dawo. Ta ce guda ashirin da biyu suka fita, wata 'yar Ghana ta kwashi mafi yawa, shida suka rage a shagon ƙanwar mijinta. Ta ce mai yankanta ya fi kowa a unguwar, da wani ne da yadin ma bai isa ba.

Na ce ba yadin ne ya fi ci mini rai ba, zanen ne. Na zo duk wannan nisa ne don in kai abin da ba kowa ke da shi ba.

Da aka fassara mata, ta dube ni kamar mai jin tausayi. Ta ce duk abin da ya yi kyau a garin nan kwana goma yake yi shi kaɗai. Duk da haka ta ɗaga waya, aka dawo da biyar ɗin da suka rage a shagon kafin yamma, ta haɗa mini da wani buhun ƙyalle da ban san me zan yi da shi ba.

A matakala na tsayar da Alhaji.

"Ka san da wannan?"

"Hajiya, na san ana yi. Ban san za a yi miki ba."

"Da ta juyo kalkuleta ka gyaɗa kai."

"Ni ba tela ba ne, Hajiya. Kwantena na sani."

Na bar maganar a nan, don ba ni da abin da zan ɗora a kai.

Rigunan sun iso Kano saura mako uku Sallah, suka ƙare cikin kwana tara. Ranar Sallah da hantsi Alhaji ya turo mini gaisuwa da hoton iyalinsa a Damagaram, kamar yadda yake yi duk shekara. Matarsa a zaune, yara a tsaye. 'Yarsa ta tsakiya tana sanye da kore mai duhu, da furanni ruwan zuma. Na buɗe hoton da yatsu biyu har aikin wuyan ya cika fuskar wayar. Ni dai ban ba shi ko ɗaya ba.

Na rubuta masa, "Barka da Sallah, Alhaji. Rigar yarinya ta yi kyau."

Ya amsa nan take. Ya ce lauban ce ta ba shi kyauta ranar da aka gama aiki, ya ɗauka na sani. Na yi ta juya maganar. Wanda ya ci amana zai turo hoton da hannunsa? Ko kuwa ya manta ne wace riga yarinyar ta sa? Na ce masa Allah ya raya, ya ce amin.

Har yanzu shi ke yi mini lodi, don ban sami wanda ya fi shi ba, kuma kwalina bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Kamfanin ma ban sauya ba. Sai dai yanzu ni nake auna yadi kafin ya hau tebur, ranar yanka kuma ina zuwa da kujerata ta roba in zauna daga farko har ƙarshe. In za a yi lissafin mita, ina ɗauko wata ɗaliba 'yar Katsina da ke karatun likita a garin ta zauna kusa da ni, ta saurari abin da ake faɗa. Alhaji ya ga haka tun ranar farko. Ya gaishe ta, ya matsa mata kujera.